Ranar da Kafinta Ya Ba da Tef Ɗinsa

Auta na durƙushe a tsakar falo, ta shimfiɗa yadin wata kwastoma a ƙasa, almakashi a hannu, tana yanka tana mita. Mitar ba sabuwa ba ce a gidan. Bayanta ya gaji da yanka a durƙushe, kuma akwai wanda ya yi mata alkawarin teburin yanka tun kafin a sa musu rana, har yau shiru kake ji.

"Ki ci gaba da jira," in ji Yaya daga kan kujera, yana kaɗa makullin tasinsa a yatsa. "Mai fensir ɗin naki sai ya gama barcinsa tukuna."

"Mama, kin ji shi ko?"

"Na ji ku duka," Mama ta amsa daga kicin. "Kai kuma ka tashi ka nemi fasinja, ka bar mini yarinya ta yi aikinta."

Mai fensir dai shi ne Kafinta, saurayin Auta, kuma abokin Yaya tun suna yara. Fensirin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa ne ya jawo masa sunan. Mutum ne mai raha, wanda in ya shigo gida sai ya duba ƙafar kowace kujera kafin ya zauna, ya ce ba zai bari gidan surukansa ya kunyata sana'arsa ba. Amma a 'yan watannin nan wani abu ya same shi da aka rasa gane kansa. Ba a yi masa rasuwa ba, bai yi faɗa da kowa ba, aiki kuma yana zuwa masa. Haka kawai ya daina buɗe shago sai ya ga dama. Waya ta yi ta ringin ba ya ɗauka. Ya rame, dariyarsa ta ɗauke, in Auta ta tambaye shi sai ya ce gajiya ce. Ita kuwa abin yana cin ta a rai, don tana son sa, kuma ba ta san ta inda za ta kama ba.

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Sai ga Kafinta da wani mai kura, sun kinkimo tebur. Tebur ne na gani na faɗa, dogo, mai faɗi, da durowa biyu, an goge samansa sumul yana ƙamshin sabon fenti. Shi kansa Kafinta ya yi aski, ya sa wankakkun kaya, har da murmushi.

"Ikon Allah," in ji Mama, tana shafa teburin. "Ai na faɗa muku zai warware."

Yaya ya dafa kafaɗarsa. "Yauwa, mutumina. Ka ga amfanin faɗan da na yi maka ko? Haka ake son namiji."

Kafinta ya durƙusa ya gaida Mama, gaisuwa mai tsawo, har ya ce in ya taɓa yi mata wani laifi ta yafe masa. Mama ta yi dariya ta ce laifinsa ɗaya ne, jinkirin tebur, kuma ta yafe. Ya kalli Auta ya daɗe yana kallon ta, ya ce ta kula da bayanta. Aka yi aka yi ya zauna ya ci abinci, ya ce yana da sauran abin yi.

Bayan fitarsa Auta ta ja durowa don ta jera zarenta. Nan ta tsaya cak. Tef ɗinsa na awo ne a ciki, da fensirin a gefe.

Wanda bai san Kafinta ba zai ce mantuwa ce. Amma tef ɗin nan tsohon ubangidansa ne ya ba shi ranar da ya yaye shi, kuma bai taɓa ara wa kowa ba. Yaya ya taɓa roƙo ya sha ƙasa. Ita kanta Auta, da ta so auna taga don ɗinka labule, gwammacewa ya yi ya rufe shago ya tako har gida ya auna mata da hannunsa. Yakan ce kafinta zai iya ba da rigarsa, amma ranar da ya ba da tef ɗinsa ya gama aiki ke nan. Sai ta tuna neman yafiyar da ya yi wa Mama, da irin kallon da ya yi mata. Ta zari mayafi, ta damƙe tef ɗin, ta fita ba ta ko sa takalmi daidai ba.

Ƙofar shagonsa a sakaye take. Da ta tura, abin da ta gani ya fi ba ta tsoro fiye da duk wata ƙazanta. An share garin katako tas. Kujerun mutane da suka daɗe a jibge duk an kai wa masu su. Ƙusoshin bango, inda zarto da guduma suke rataye, babu komai a kansu. Shi kuma yana zaune a kan benci, ya haɗa hannuwa, yana kallon ƙasa.

"Ina kayan aikinka?"

"Na ba makwabcina. Zai fi ni amfani da su."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Tana tsoron in ta furta kalmar kamar ita ce za ta sa masa abin a rai. Amma ta ga shirun da aka yi ta yi ne ya kawo su nan.

"Zan tambaye ka wani abu, don Allah kada ka ce mini gajiya ce. Tunanin kashe kanka kake yi?"

Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, kuka ya ƙwace masa, irin na wanda ya daɗe yana riƙe shi.

"Ban san me ya same ni ba, Auta. Ina tashi da safe in ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Ina salla, ina addu'a, abin yana nan. Abinci ba ɗanɗano. Ke kanki in na gan ki, na san ina son ki, amma ba na jin daɗin komai." Ya share fuska. "Ba gudun ku nake yi ba. Gani na yi zan zame miki kaya, ki ƙare rayuwarki kina jinyar mutumin da ba shi da amfani. Na ce gara in sauke muku."

Hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba.

"Ban san maganin abin nan ba," ta ce. "Amma ba zan tashi daga nan in bar ka kai kaɗai ba. Zan kira Yaya ya kai mu asibiti. Ka yi fushi da ni in kana so, fushin mai rai ne, zan iya da shi."

Yaya ya zo da tasi, ya ji abin da ake ciki, fuskarsa ta haɗe. Ya ɗauke su ya kai su asibiti. Likita ta daɗe da Kafinta a ofis, sannan ta ce za a riƙe shi na ɗan lokaci, aka kira mahaifiyarsa ta zo ta zauna da shi.

A gida ne bam ɗin ya fashe.

"Wallahi an fasa auren nan!" Yaya yana zagaye falo kamar zai fasa bango. "Son kai ne kawai. Bai tuna da tsohuwarsa ba, bai tuna da ke ba, bai tuna da ni ba. Mu ya so ya bari da baƙin ciki da surutun mutane, shi ya huta."

Mama na kuka a gefen sabon teburin. "Auta, ki rufa mini asiri. Ni na haife ki. Ta yaya zan miƙa ki ga mutumin da kullum za ki kwana da fargaba a kansa? Gobe in ya sake fa? Da yara a gabanki?"

Maganar Mama ta fi ta Yaya shiga jikin Auta, domin tsoron da Mama ta faɗa ita ma tana jin sa. Ta juya ga Baba, wanda tun ɗazu yake zaune da tabarau a hannu.

"Baba, a ba ni izini in yi magana."

"Ina jin ki."

"Yaya ya ce son kai ne. Mai son kai ne zai tsaya ya gama wa kowa aikinsa? Ya yi mini tebur don kada bayana ya yi ciwo? Abin da ya yi niyya ba daidai ba ne, ni ma da ya faru da ban san yadda zan yi da raina ba. Amma ba kansa yake so ba, Baba. Kansa ya tsana. Cewa ya yi zai zame mini kaya, gara ya sauke mana."

Yaya ya tsaya da zagayen. Makullin ya faɗi daga hannunsa.

"Kaya ya ce?"

"Haka ya ce."

Yaya ya zauna a ƙasa, a inda yake tsaye. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na faɗa masa. Da na je shagonsa na same shi a kwance, na ce ya tashi ya zama namiji, kada ya zame wa ƙanwata kaya. Na ɗauka zaburar da shi nake yi." Ya rufe fuska da hannu. Sai a lokacin Auta ta gane cewa duk hargagin nan tsoro ne, tsoron mutumin da ya kusa rasa abokinsa na yarinta.

Baba ya sa tabaransa. "Rai amana ce, babu mai ikon taɓa nasa, wannan ba abin musu ba ne. Amma ba zan yanke hukunci a kan ciwon da ban sani ba. Gobe zan je in ji daga bakin likita."

Washegari suka je shi da Yaya. Likita ta ce sunan abin ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai ibada da mai arziki da mai raha, wani lokaci ba tare da wani dalili da ido zai gani ba. Ta ce mugun halinsa shi ne yana yi wa mai shi ƙarya, ya nuna masa cewa mutanensa za su fi jin daɗi in babu shi, har ya yarda. Da Yaya ya faɗa mata abin da ya ce wa Kafinta, ta dube shi ta ce maganarsa ta yi zafi, amma ba ita ta haifar da ciwon ba, kuma yanzu bakin da ya yi zafin zai iya yin sanyi. Ta ƙara da cewa ana samun sauƙi, da magani da zaman tattaunawa da mutanen da ba sa gajiya.

Da suka dawo Baba ya tara gida. "An ɗaga rana, ba a fasa ba. Sai ya samu lafiya, kuma sai Auta ta sake cewa ta yarda, ba don tausayi ba."

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Akwai makon da Kafinta zai yi hira har da dariya, akwai wanda zai koma shiru, Auta ta shiga ɗaki ta yi kuka ta ce ta gaji. Kwastomomi masu dogon baki suka riƙa kawo ɗinki don su ji labari. Wata har ta ce mata, "Ke da kyanki, me za ki yi da mai taɓin hankali?" Auta ta miƙa mata yadinta ta ce ta gwada tela na gaba. Likita ta gargaɗi Auta kada ta ɗauki nauyin ita kaɗai, kuma ba ta ɗauka ba. Duk ranar ganin likita, Yaya ne ke ajiye fasinja ya kai Kafinta, ya jira a waje, a hanya ya yi ta tsokanarsa har sai ya murmusa. Mama, wadda ta rantse ba ruwanta, ita ce aka kama tana zuba abinci a kula tana cewa a kai wa yaron nan, maganin yana son a ci a ƙoshi.

Tef ɗin kuwa yana cikin durowa. Auta ba ta mayar masa ba, ba ta kuma yi masa zancensa ba.

Wata safiya tana yanka a kan teburinta aka yi sallama. Kafinta ne, ya ɗan yi ƙiba, da garin katako a gashin kansa. Ya gaida Mama, ya duba ƙafar kujera kafin ya zauna, ya girgiza kai ya ce wannan tana neman ƙusa. Sannan ya sosa ƙeya.

"Auta, an kawo mini aikin ƙofofi. Na karɓo zartona da guduma, amma tef ɗin makwabcina duk ya goge." Ya kalle ta. "Na zo karɓar nawa."

Ta ja durowa, ta ɗauko tef ɗin da fensirin. An sha faɗa mata kalaman soyayya a rayuwarta, amma babu wanda ya taɓa yi mata daɗi kamar wannan.

"Da sharaɗi," ta ce. "Duk ranar da nauyin nan ya dawo, ni za ka fara faɗa wa, ko Yaya, ko likita. Ba durowa ba."

"Na yi alkawari. Kuma zai iya dawowa, Auta, likita ba ta ɓoye mini ba."

"Na sani. In ya dawo zai same mu da yawa."

Ya maƙala fensirin a bayan kunne. Mama ta juya baya tana share ido da gefen zani, ta ce hayaƙin kicin ne, alhali ba a kunna wuta ba. Da yamma Auta ta je gaban Baba ta ce ta yarda, aka sake sa rana, kuma wannan karon ba a ɗaga ba.

Haƙurin Auta ya yi mata rana, amma ba haƙurin yin shiru ba ne. Da ta ga tef ɗin ta ce mantuwa ce, da yanzu wani labarin ake bayarwa. Wanda ciwon damuwa ya kai shi ga tunanin barin duniya ba zagi yake buƙata ba, ba kuma a kira shi mai son kai ba, domin sau da yawa gani yake yi mu yake sauƙaƙa wa. Idan naka ya sauya, ya janye daga mutane, ya fara rabar da abin da bai taɓa rabuwa da shi ba, ka je ka zauna kusa da shi. Ka tambaye shi kai tsaye, ka saurara, ka yi masa addu'a, ka kama hannunsa zuwa asibiti. Kuma ka faɗa masa da bakinka, ya ji da kunnensa, cewa shi ba kaya ba ne, kuna son sa a raye.