Rigar da Baba Ya Bayar

"Ka faɗa wa Baba," in ji Rumaisa, idonta a kan kofin shayin da ko kurɓa ba ta yi ba. "Kafin Lahadi, Kabir. Don girman Allah."

"Ni? Ruma, ni da ko ido ban iya haɗawa da shi ba?"

"Amma ka iya tsayawa a bakin tashar jirgin ƙasa tun safe, kana yi wa mutane wa'azin Mista Dorsey."

Kabir ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Suna zaune ne a wani ɗan shagon shayi da ke titin Grand Concourse a Bronx, cikin Amurka, kusa da shagon da take kitso. Lokacin zafi ne na shekarar 1996, kuma Mista Dorsey, mutumin da Kabir ke yi wa kamfen, yana neman kujerar majalisar wakilai ta Washington.

"Mutumin kirki ne, Ruma. Ya ce kowane yaro sai ya ga likita ko iyayensa ba su da inshora. Ya ce a ƙara mafi ƙarancin albashi, a kwashe bindigogi daga titi, a gyara makarantun..."

"Na haddace. In ka yi rashin lafiya ni zan karɓe ka a tashar." Ta ɗago kai kaɗan. "Faɗi ɗayan."

Ya juya kofinsa a kan tebur.

"Faɗi, masoyi."

"Ya ce duk baƙon da kotu ta taɓa kamawa da laifi a mayar da shi ƙasarsu, ko yana da girin kad, takardar izinin zama, ko laifin ya daɗe."

Wannan ita ce maganar da ta hana ta barci. Yayanta Abdulai yana tsare tun da ya dawo daga ta'aziyyar kakarsu a Kano. A filin jirgi aka riƙe shi, saboda wata tabar wiwi da aka kama shi da ita yana saurayi, wadda ya riga ya yi hukuncinta, har a gidan ma an manta. Sabuwar doka ce ta tono ta. Abdulai da aka kawo shi Bronx yana ɗan yaro, wanda in an yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, shi ake shirin mayarwa.

Mahaifinsu, Alhaji Mainasara, direban tasi ne kuma shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar Mount Hope. Da ya ji saurayin 'yarsa yana tare da mai neman majalisa, sai ya ga Allah ne ya buɗe ƙofa. Ya gayyaci Mista Dorsey taron ƙungiya na ranar Lahadi, ya kuma ciro babbar rigarsa ta shuɗiyar shadda mai aska takwas, wadda ya ajiye don ranar ɗaurin auren Rumaisa.

"Wanda ya ci tuwonka ya sa rigarka," ya ce wa matarsa Hajiya Turai, "ya zama naka. Ba zai ga ɗanka cikin wahala ya kau da kai ba."

Rumaisa tana bakin ƙofar kicin ta ji shi. Ta buɗe baki, ta ga yadda yake shafa aikin rigar da tafin hannu, sai ta koma wanke-wanke.

"Ke ki faɗa masa mana," Kabir ya ce a hankali, suna nan zaune a shagon shayin. "Ke ce 'yarsa."

"Tun da nake ban taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba."

"Ni kuma mai neman aure ne. In shiga falonsa in ce, Baba, dabararka ba za ta yi ba? Da wane bakin?" Ya matso da kujerarsa. "Wataƙila in Mista Dorsey ya gan su da idonsa, ya ga Umma, zuciyarsa ta yi laushi. Shi kaɗai ne fa a cikin 'yan takara ya ce a matsa wa gwamnatocin soja lamba, a bar waɗanda suka gudo su zauna. Kin san abin da wannan yake nufi a wurina."

Ta sani. Kabir ɗalibi ne da ya gudo daga gida bayan an kama abokansa a zanga-zanga, kuma neman mafakarsa na gaban alƙali. In ya taka Najeriya, shi ma bai san inda zai kwana ba.

Haka suka rabu, kowa ya bar wa ɗan'uwansa maganar.

Ranar Lahadi ɗakin taron ya cika. Mata sun yi tuwon shinkafa da miyar taushe, 'yan Nijar sun kawo kilishi, matan Zangon Kumasi sun kawo wake da shinkafa. Mista Dorsey, dogo mai yawan murmushi, ya iso da mai ɗaukar hoto. Ya ci tuwo da hannu, mutane suka yi tafi. Ya yi magana a kan asibiti, da haraji, da makarantu, da kuɗin haya, Kabir yana mayarwa da Hausa. Maganar korar baƙi bai taɓo ta ba.

Anti Safiatu, mai shagon da Rumaisa ke aiki, 'yar Kumasi ce da ba ta ajiye magana. Ta miƙe daga layin mata.

"Kabiru, tambaye min shi, yaranmu da ake kamawa a filin jirgi fa, mene ne..."

"Haba, Safiatu," wani dattijo ya katse ta. "Baƙo ne. Ba a titsiye baƙo da abinci a gabansa."

"To yaushe za a titsiye shi? In ya je Washington?"

Aka yi dariya, aka ja ta ta zauna. Rumaisa ta kalli Kabir, Kabir ya kalli ƙasa.

Sai Alhaji Mainasara ya tashi da rigar a hannu. Da kansa ya zura wa baƙon, ya gyara masa hannayenta a kafaɗa, ya ɗora masa hula. Bai ambaci sunan Abdulai ba, domin a wurinsa abin kunya ne ka ba mutum kyauta ka bi ta da roƙo a rana ɗaya. Hasken kyamara ya yi ta walƙiya. Rumaisa ta ga mahaifinta yana murmushin da rabon da ta gan shi tun kafin a kama yayanta, sai ta fita waje don kada a ga fuskarta.

Bayan kwanaki Alhaji ya aiki Kabir wurin Mista Dorsey da roƙo a kan Abdulai, kamar yadda ake aiken ɗa wurin babba. Kabir ya dawo da yammar wata Juma'a, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da kujerar Alhaji. Rumaisa tana bayan labule.

"Me ya ce?"

"Baba... ya ce yana gaishe ku, kuma ya ji daɗin rigar ƙwarai."

"Madalla. Sai me?"

"Ya ce ya tausaya. Amma matsayinsa a kan wannan magana a rubuce yake, kowa ya sani. Ya ce in ya sa baki don mutum ɗaya, abokin takararsa zai ce yana goyon bayan masu laifi."

"A rubuce yake," Alhaji ya maimaita. "Tun yaushe?"

Kabir ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake, Kabiru. Tun kafin ya shigo ɗakin taronmu?"

"Eh, Baba."

"Ka kuma sani."

"Na ji nauyinku ne, Baba."

Hajiya Turai ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon hannayensa.

"Ka ji nauyina, ka bar ni na ciro rigar auren 'yata na sa wa mai neman a kori ɗana, a gaban jama'a." Bai ɗaga murya ba. "Tashi ka je. Allah ya ba da sa'a a zaɓe."

Rumaisa ta fito ba ta san ta fito ba. "Baba, ni ma na sani."

Ya dube ta kamar wadda bai taɓa gani ba, sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Ba a jima ba fostocin suka fito. Duk inda ta waiga a Mount Hope, jikin fitilun titi, tagar shagon wanki, matakalar jirgin ƙasa, ga Mista Dorsey cikin shuɗiyar rigar Baba, ga Baba a gefensa yana murmushi. Anti Safiatu ce ta karanta mata rubutun ƙasan, don Rumaisa a Kano ta girma wurin kakarsu, Turancinta na ji ne, ba na karatu sosai ba.

"Wai aboki ne ga baƙi masu bin doka," ta ce, ta yi tsaki. "Ko hular bai iya karyawa ba."

Alhaji ya daina zuwa taron ƙungiya. Ya koma fita da tasi tun asuba, yana bin hanyar da ba fosta. Kabir ya ajiye aikin kamfen, amma ajiyewar ba ta buɗe ƙofar gidan ba, ba ta kuma buɗe ta Abdulai ba. Lauya ya ce dokar ta ɗaure hannun alƙali. Da sanyi ya fara shigowa aka yanke hukunci: za a mayar da Abdulai.

"Ba zan bar shi ya sauka shi kaɗai ba," Hajiya Turai ta ce. "Yaron da bai san hanyar gidan kakansa ba? Zan bi shi."

Hajiya tana da ciwon suga, idonta ya fara rauni, kuma Rumaisa ce ke yi mata allura kullum. Ba wanda ya ce wa Rumaisa ta shirya. Ta dai ga mahaifinta ya kalle ta, kallo na farko tun ranar nan, sai ta je ta sauko da akwati.

Ta sami Kabir a shagon shayin nan, ana gobe za su tafi. Ya rame.

"Zauna, Ruma. Baba zai huce. Mu yi aure ko ba taro, ko ba riga."

"Umma fa?"

"A samo mai kula da ita a can."

"Ka ji abin da ka faɗa?" Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "To kai ka biyo ni."

"Kin san ba zan iya ba."

"Na sani."

"In sojoji suka sauka..."

"In suka sauka. In aka canza doka. In girin kad ɗina bai mutu ba kafin nan." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kullum da in muke magana, masoyi. Da ɗayanmu ya buɗe baki ranar nan, ko Yaya bai tsira ba, da Baba yana da fuskar da zai sa mana albarka."

"Ki yafe min."

"Tare muka yi shirun. Wa zai yafe wa wa?"

Ya kai hannu kusa da nata a kan tebur, bai taɓa ba. Ita ce ta fara tashi.

Washegari da hantsi Alhaji ya kawo tasinsa ƙofar gida. Ya loda akwatuna. Rumaisa ta zaunar da Umma a baya, ta zauna kusa da ita da jakar magani a cinya.

A kwanar titi danja ta tsayar da su. Can tsallake, jikin sandar fitila, Kabir ne tsaye ba rigar sanyi, yana kankare fosta da farce. Ruwan sama ya manne takardar, sai ƙanana-ƙanana take fita. Ya cire fuskar Mista Dorsey, ya cire rubutun, saura shuɗiyar rigar da murmushin Baba.

Ta san Baba ya gan shi, don ta ga idonsa a madubi. Ta jira ya sauke gilashi, ko ya danna hon, ko ya ce wani abu. Shi ma kamar jira yake ta yi magana.

Danja ta ba da hannu. Motocin baya suka fara hon.

"A rufe gilashin nan sosai," in ji Alhaji, muryarsa a dishe. "Sanyi zai kama Ummanki."

Rumaisa ta murɗa gilashin har sama, motar ta wuce.