Farantin Mutum Huɗu

"Wallahi ba zan iya ba, Nusaiba! Ki roƙe ni komi a duniya ban da wanga!"

Nusaiba ta ɗago idanunta da suka kaɗa ta dubi Bashar. A zauren gidansu suke a Gusau, ɗaurin aurensu ya ƙarato.

"Abinci fa kawai za ka ci, Bashar..."

"Gaban surukina? In buɗe baki in kai loma yana kallona? Hasken idona, kin san Tsafe. Har jikokina sai an yi wa gori."

"Abbana ba mutumin Tsafe ba ne."

"Amma Baba Hamidu fa? Shi ya riƙe ni tun ina maraya. Ya ce in na yi, kar in sake kiran shi uba."

Daga cikin gida ana jiyo Abba yana dirzar tagulla da toka, yana hutawa, yana tari.

Abban nata, Malam Tajuddeen, mutumin Kashmir ne, can ƙasar Indiya. Yana saurayi ya zo Gusau koyar da lissafi, ya ga Lantana ƴar Bungudu, ya manta hanyar gida. Lantana ta rasu ta bar masa ƴa ɗaya, ƴan'uwansa na can kuma ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage masa na ƙasarsu shi ne wani makeken farantin tagulla na mahaifiyarsa, da burin yi wa ƴarsa wazwan: walimar aure ta mutanensu, wadda abinci ke zuwa kala bayan kala, mutum huɗu suna zagaye da faranti ɗaya. A gidansu, in ji shi, sai ango ya sa hannu a farantin uban amarya yake zama ɗa.

Da Bashar ya tafi, ta samu Abba a tsakar gida.

"Abba, ka san al'adar nan... suruki ba ya ci gaban suruki."

"Ni za ki gaya wa?" Ya yi murmushi, ya ci gaba da Hausarsa wadda har yau ba ta miƙe ba. "Kakanki na Bungudu, ina son shi kamar ubana. Har ya mutu ban san yadda yake tauna ba. In ya shigo, in fita. Kowa na cewa, kai, Ba'indiyen nan akwai kunya! Ran da aka sa shi a kabari na tambayi kaina, me kunyar ta ba ni?"

"Abba..."

"Ba ni da ɗa namiji, Nusaiba. Likita kuma ya gaya mini gaskiya game da zuciyar nan. Ina son in ci da yaron sau ɗaya, in san wa na bar wa ke."

Ranar ɗaurin aure gidan ya kaure da daka tun safe. An yanka raguna daga kasuwar Tsafe, an kawo kindirmo daga Furfuri. Abba ya hana a kai naman inji, ya ce sai dai a daka shi da ɗuminsa a kan dutse har ya yi laushi kamar ƙullu.

Inna Ladidi, ƙanwar marigayiya Lantana, ta share gumi ta ce, "Malam, nama muke daka ko fura? Tun da anka haife ni ban ga an wulaƙanta rago haka ba!"

"Daka dai, Ladidi. In kin ɗanɗana za ki nemi gafarar ragon."

Bayan azahar aka shimfiɗa farin ƙyalle a falo. Nusaiba ta laɓe bayan labule da lulluɓinta. Aka zagaya da buta da tasa kowa ya wanke hannu. Aka ajiye farantin, shinkafa ta yi tozo, an raba ta gida huɗu da tsiren nama. Abba ya zauna, ga liman, ga Alhaji Hamidu. Na huɗu Bashar, cikin farar shadda, kansa a ƙasa.

Ya zauna! Har ta fara hamdala.

"Bismillah," in ji Abba.

Hannu uku suka shiga. Na huɗun yana kan gwiwa.

Aka kawo haƙarƙari soyayye. Abba ya zaɓi mai kyau ya tura gefen Bashar. Aka kawo nama cikin jar miya, ya tura. Aka kawo kaza, ya tura. Gefe uku na farantin suna ramewa, gefen ango yana tudu.

"Masha Allah!" in ji liman yana suɗe yatsa. "Ka ga ɗan asali. Malam, ka yi dacen suruki, irin wanga kunya ta yi ƙaranci yanzu."

Alhaji Hamidu ya gyara zama. "Haka munka tarbiyyantar da shi."

Suna yabo, fuskar tsohon tana dusashewa, ba wanda ya lura sai mai leƙe ta labule.

Daga ƙarshe aka kawo gushtaba, dunƙulen naman nan da aka wuni ana daka, cikin farar miyar kindirmo. Daga shi an rufe walima. Abba ya gutsura da hannunsa, ya miƙa wa Bashar.

"Ɗana... wannan ba a ƙin shi."

Bashar ya ɗago. Nusaiba ta ga hannunsa ya bar gwiwa. Sai Alhaji Hamidu ya yi gyaran murya.

Hannun ya koma.

"Alhamdu lillahi, Baba... na ƙoshi."

Abba ya daɗe da hannu a miƙe, miya tana bin yatsunsa tana ɗiga kan farin ƙyallen. Sannan ya ajiye, ya ce a kawo ruwan wanke hannu.

Kukan da Nusaiba ta yi a motar kai amarya, mata suka ce na rabuwa da gida ne, har suna tsokanarta.

A Tsafe ba ta yi masa faɗa ba. Tana dafa masa, tana gaishe shi, amma ba ta taɓa zama sun ci tare ba.

"Nusy, ki zage ni mana! Shirun nan ya fi zagi ciwo."

"Mi zan ce? An ce kai ɗan asali ne."

"Girmama shi na yi, wallahi!"

"Na sani. Shi ya sa ban san wa zan yi fushi da shi ba."

Lallen hannunta bai gama gogewa ba Inna Ladidi ta kira: Abba ya faɗi, yana asibiti a Gusau.

Suka same shi da robar iska a hanci, ya ƙanƙance cikin zanen gado. Alhaji Hamidu ya biyo su dubiya, yana tsaye daga ƙofa. A ƙasan gado ga kular tuwon dawa da miyar kuka da Inna Ladidi ta kawo, ba a ko buɗe ba.

Bashar ya dubi kular. Ya dubi Baba Hamidu. Ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya hau gefen gadon surukinsa ya zauna.

"Kai, Bashar! Mi kake yi haka?" in ji Alhaji Hamidu.

Bai waiwaya ba. Ya buɗe kular, ya yanko loma.

"Baba, bismillah. Mu ci."

"Ɗan nan," Inna Ladidi ta ce a hankali, "tun jiya ko ruwa ba ya wuce mishi."

Lomar ta tsaya a hannun Bashar. Kafaɗunsa suka fara girgiza.

Abba ya buɗe ido. Ya motsa leɓe, sai da Nusaiba ta kai kunne sannan ta ji.

"Ya ce... ya ce ka ci, yana kallo."

Bashar ya kai lomar baki. Yana taunawa hawaye na zuba cikin miyar, ya haɗiye da ƙyar, ya ƙara wata. Alhaji Hamidu ya sunkuyar da kai.

Abba ya lalubo hannun Nusaiba, ya ja shi a hankali ya ɗora kan gwiwar Bashar.

"Ƙara mishi miya," ya ce.

Ta ƙara. Ba ta kai ga ajiye ludayin ba ta ji Inna Ladidi ta ɗauki salati.