Ranar da Malam Yazid Ya Yi Shiru

Amatullahi ta girma ba ta taɓa jin wani ya ce wa mahaifinta a'a ba. Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan, da ta taho da ƙwaryar fura ta ji kalmar ta fito daga zaure, sai ƙafarta ta tsaya cak.

"A'a, Alhaji. Ban yarda ba."

Mahaifin nata, Alhaji Maliki, shi ne shugaban kwamitin amintattu na makarantar kwana ta 'yan mata da ke Rafin Ɗinya, wani ƙauye kusa da Babban Mutum. Shi ya tara jama'a suka gina ta shekara ashirin da biyu da suka wuce. Hatimin makarantar a aljihunsa yake kwana, duk takardar da bai buga wa shi ba kuwa, sai dai a ƙunshe ƙosai da ita. Su bakwai ne a kwamitin, a zaurensa suke zama duk Asabar ɗin farkon wata.

Ta leƙa ta ƙofar ciki. Mai maganar wani siririn saurayi ne, da fayil a cinya. Sabon firinsifal ɗin ke nan, Malam Yazid.

"In muka saki 'yan ajin ƙarshe mako biyu don roron gyaɗa, rabinsu ba za su dawo kan lokaci ba," in ji shi. "Jarrabawa kuwa ba ta jiran gyaɗa."

Sai Alhaji ya tuntsire da dariya.

"Kun ji ko? Irin wannan na daɗe ina nema. A bar yara su yi karatu."

Yazid ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin na Amatullahi. Ta dire ƙwaryar ta juya da sauri, har ta mance ludayi yana hannunta.

Amatullahi nas ce a Baure. Kafin wata ya zagayo, ta gano cewa yaran makarantar suna matuƙar bukatar mai duba su duk Alhamis. Shekara biyu tana aiki ba ta gano haka ba, sai yanzu. Mahaifiyarta ta dube ta kawai, ta ci gaba da tankaɗenta.

A ɗan ɗakin maganin makarantar suka saba. Ya zo neman maganin ciwon kai sau uku a wata guda. A na huɗun ta ce, "Malam A'a, ko dai mu tura ka babban asibitin Daura? Kan nan naka ya ƙi jin magani."

"Ranar Alhamis kawai yake tashi," in ji shi.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Amatu, na iya magana a gaban dattawa bakwai, amma a gabanki sai bakina ya mutu. Ina sonki. In kin amince, bayan damina kawuna zai zo wajen Alhaji."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta:

"Malam A'a, ni dai ban iya kalmar nan taka ba. Allah ya kai mu."

Daga ranar Yazid ya soma kallon Alhaji Maliki a matsayin suruki, tun ba a kai ko goro ba. Abin sai wanda ya gani. Tun daga gindin darbejiyar ƙofar gida yake tuɓe takalmi. Ya daina zama a tabarma ɗaya da shi, sai can gefe a rakuɓe. In an miƙo fura ya ce ya ƙoshi, alhali cikinsa na kuka. "Alhaji" ya ɓace daga bakinsa, sai "Baba". Kowace magana ta taso, amsarsa ɗaya ce: "Yadda kuka gani, Baba."

Amatullahi har daɗi take ji in ta hango shi durƙushe. Ba ta san abin da kunyar nan za ta ci ba.

A zaman watan Satumba aka kawo maganar sababbin ɗalibai sittin da babu inda za a kwantar da su. Alhaji ya ce a buɗe tsohon ɗakin kwana na ƙasa, wanda aka rufe bara.

"Da hannuna na ɗora tubalinsa na farko," in ji shi. "Ginin da ne, ba irin na yanzu ba."

Yazid ya san ɗakin. Ya ga tsagar da ta taso daga gindin bangon gabas har sama, ya zura hannu a ciki ya shige har wuyan hannu. Ya rubuta komai a takarda, tana cikin fayil ɗin da ke cinyarsa.

Hajiya Maiturare, tsohuwar malama kuma mace ɗaya tilo a kwamitin, ta juyo ta dube shi. "Firinsifal, me ka gani?"

Ya buɗe baki. Sai ya ga Alhaji na murmushi yana shafa gemu, ya tuna saura wata guda kawunsa ya zo wannan zauren. Ya ce a ransa zai sa a toshe tsagar a hankali, ba sai ya kunyata dattijo a gaban mutane ba.

"Yadda Baba ya gani," in ji shi.

Aka buga hatimi.

Magini ya ce sai an ɗauke ruwa zai taɓa bangon. Ruwa kuwa ya yi kwana uku yana zuba. Ranar Alhamis, wata 'yar aji ɗaya mai suna Kubura ta zo ɗakin magani da zazzaɓi. Amatullahi ta ba ta magani ta ce, "Je ki kwanta, ƙanwata, ba sai kin fita sallar La'asar ba."

Sauran yara suna masallaci bangon tsohon ɗakin ya faɗi, Kubura na kwance a ciki.

Da hannu suka tono yarinyar, Yazid da Amatullahi da masu dafa abinci. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu.

A barandar asibitin Daura, rigarsa duk laka, Yazid ya ciro takardar nan ya miƙa wa Amatullahi. Ta karanta, ta duba kwanan watan, ta sake dubawa.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunyar Baba," in ji shi. "Saboda ke, Amatu."

"Kada ka ce saboda ni!" Hawaye suka ɓalle mata. "Ni na ce mata ta je ta kwanta, Yazid. Da bakina. Mutumin da na so shi ne wanda na ji ya ce a'a a zauren gidanmu. Ina ka kai shi?"

Ta ajiye masa takardar a kan benci ta koma wajen Kubura.

Alhaji bai san da takardar ba, amma ba yaro ba ne. Ya kira Yazid shi kaɗai.

"Tun ranar da ka soma tuɓe takalmi a gindin darbejiya na san na rasa firinsifal," in ji shi. "Ka gaya wa kawunka ya yi zamansa. Suruki ba ya musu da suruki, makarantar nan kuwa tana bukatar mai musu da ni. Muddin ina riƙe da hatimin nan kana riƙe da ofis, ba zan ba ka 'yata ba."

Wata biyu suka biyo baya masu ɗaci. Kullum in an tashi daga aji, Yazid sai ya hau babur ya tafi Daura da littattafai, ya zauna gefen gadon Kubura yana koya mata abin da aka yi a ranar. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Sau ɗaya ya yi wa Amatullahi saƙo:

"Amatu, ban nemi ki yafe ba, don ni ma ban yafe wa kaina ba. Yau Kubura ta yi taku uku da sanda. Na ce bari ki sani."

Ta karanta a ɗakin canza kaya na asibitinsu, ta yi kuka har idonta ya kumbura, ba ta ba shi amsa ba. Ta daina zuwa ranar Alhamis.

A tsakanin nan Mahdi ya ɓullo, wani ɗan kasuwa daga Mai'adua mai farar mota da ƙamshin turare, yana neman auren Amatullahi. Ba shi da aibu, ga fara'a, ga ladabi. Duk abin da ta faɗa sai ya ce, "Haka ne, gimbiya." Wata rana da gangan ta ce masa ana shuka gero a watan sanyi, ya ce haka ne. Ta shiga gida ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta, ta ce ita dai zuciyarta ta ƙi mance wancan mai laifin.

Sai labari ya iso mata cewa Yazid ya rubuta takardar ajiye aiki. Ranta ya ƙara ɓaci. Wato guduwa zai yi, ya bar yara ɗari uku da tsohon da ba mai iya taka masa burki.

Asabar ɗin farkon Disamba kwamiti ya zauna don rubuta rahoton da za a karanta wa iyaye. Amatullahi ta karɓi ƙwaryar fura da kanta. So take ta ga fuskarsa sa'ad da zai gudu.

Ta iske Alhaji na cewa, "A rubuta ruwa ne ya yi yawa, ƙaddara ta faɗa. Ba sai an zubar da mutuncin makaranta ba."

Kawuna suka gyaɗa. Alhaji ya zura hannu aljihu zai ciro hatimi.

"A'a, Alhaji."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata.

Yazid yana zaune a tsakiyar tabarma, ba a gefe ba. "Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita kaɗai za a rubuta ba. Na ga tsagar, na rubuta, na ɓoye don ina neman 'yarka. Ga takardar. Kai kuma, Alhaji, magini ya gaya maka tun bara ɗakin ya gama yayi, ka ƙi ji don kai ka gina shi. A rubuta duka biyun, a karanta wa uban Kubura." Ya ciro wata takardar ya ajiye. "Wannan ta ajiye aiki ce. In kwamiti ya ga na cancanci kora, ga ta. Amma ba zan tafi a kan ƙarya ba."

Ya san ya gama rasa ta. Wa zai faɗa wa dattijo haka a zaurensa, sannan ya dawo neman aure?

Alhaji ya daɗe yana kallon hatimin a tafin hannunsa. Katakon ya yi sulɓi saboda shekaru. Da ya yi magana, muryarsa ta tsufa.

"Magini ya faɗa mini," in ji shi. "A rubuta."

Ya ɗauki takardar ajiye aikin ya mayar wa Yazid. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya taka har gaban Hajiya Maiturare, ya ɗora mata hatimin a kan gyalenta.

"Na ce muddin ina riƙe da shi. To, na sake shi. Hajiya, ki riƙe in jama'a sun yarda. Ke kam, Yazid zai iya musu da ke har rana ta faɗi. Ni kuwa ya zo gida ya ji kunyata, can ne muhallinta."

"Alhaji, shekara ashirin da biyu fa," in ji Hajiya, idonta ya kawo ruwa.

"Ƙafar yarinya guda ta fi su."

Ya juya wajen ƙofar ciki ba tare da ya ɗaga kai ba. "Amatu, na san kina nan. Shigo da furar, hannunki zai gaji."

Da yamma wayar Yazid ta yi ƙara:

"Malam A'a, sannu da dawowa. Ban gama fushi ba, amma ka gaya wa kawu hanya a buɗe take."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Kubura ta zo cikin 'yan rakiyar amarya, tana ɗan ɗingishi, wanda likita ya ce da shi za ta rayu. Da Amatullahi ta hango ta, sai ta yaye lulluɓi ta rungume ta, suka yi kuka tare har lallen hannun amarya ya jiƙe. Mata suka ce kukan rabuwa da gida ne. Yazid da aka gaya masa, ya san ba shi ba ne.

Asabar ɗin farkon watan da ya biyo, Alhaji Maliki ya sa aka share zaure aka shimfiɗa babbar tabarma. Sai da ya zauna ya shafa aljihu, ya tuna yanzu a ofishin makaranta ake zama. Ya zauna shi kaɗai har azahar.

Can ya ji tsayuwar babur. Yazid ya tuɓe takalmi tun daga gindin darbejiya, Amatullahi na biye da shi da ƙwarya a hannu. Ya durƙusa can gefe.

"Me kuka yanke yau?" in ji Alhaji.

"An rushe ragowar tsohon ɗakin, Baba. Hajiya ta so a jinkirta sabon gini sai baɗi."

"Kai ka ce me?"

Yazid ya sunkuyar da kai. Amatullahi ce ta amsa, tana murmushi da hawaye a ido: "Ya ce a'a, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuriya mai kunya, wadda kunyar ba za ta hana ta faɗin gaskiya ba."

Suka shafa tare. Amatullahi ta tura ƙwaryar gaban mijinta, shi kuwa ya ce ya ƙoshi.