Dusa a Tankin Habu

Da hantsi wani gardi, ɗan sandan gwamnati, ya faɗo ofishin Sufeto Ɗantsoho a Magariya, doki duk kumfa. Jirgin ruwan Alhaji Maharazu ya ci wuta a tsakiyar tafkin da ke yamma da Dogo-Dogo, buhunan gyaɗa sun nutse, ɗan dako ɗaya da kyar aka ciro shi da rai.

Shekarun gyaɗa ne, ƙarshen mulkin Faransa. Alhaji ya sayo jirgin mai ƙaton inji daga Najeriya don ya daina zagaye tafki da takarkarai. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, bai ɓata lokaci ba, ya ce makaniken da ya haɗa injin ne mai laifi, in kamyo, babbar motar kaya, ya tashi ranar kasuwa a wuce da shi gidan kaso a Damagaram.

Ɗantsoho mutum ne mai sanyin tafiya, amma ya tsani a yanke masa hukunci kafin ya ɗaura sirdi.

Da ya isa bakin tafkin, ya tarar da makaniken, Habu, ɗaure a gindin gawo.

"Kai ka zaɓi yadda za a sanyaya injin?"

"Ni ne, Mushe," in ji Habu, wato yallaɓai da Faransanci. "Hanya biyu ce. Ko famfo ya zuƙo ruwan tafki ya ratsa inji, ko a yi tanki rufaffe. Ruwan nan laka ce da gansakuka, toshewa zai yi. Sai na sa tanki da ruwan rijiya, na bi da bututun tagulla ta ƙarƙashin jirgi, tafki yana sanyaya shi ta waje."

"Akwai wanda ya ƙi shawarar?"

"Inuwa, direban jirgin."

Inuwa bai ma jira a kira shi ba. Ga shi cikin riga fara sol da sabon takalmi, sai hura hanci yake.

"Na faɗa wa Alhaji! A kogin Kwara na koyi tuƙi, ban taɓa ganin an shayar da jirgi ruwan rijiya ba. Ga shi tankin nasa ya dafa inji, ni ma da iyo na tsira."

Masunta sun jawo abin da ya rage na jirgin bakin gaɓa. Sufeto na duba tiyon da ya fashe, sai wata jar akuya ta kutso tsakanin ƙafafunsa ta hau lasar tiyon. Ya kore ta, ta dawo. Ya sake kora, ta dawo da 'yan uwanta. Ikon Allah, yaushe akuya ta fara cin roba?

Ya zura yatsa ciki, ya ciro wani abu mai kauri kamar kunu ya kwana. Ya ɗanɗana, ya tofar. Dusa ce da kanwa, irin haɗin da ake ba dabbobi. Dusar ta ji zafi ta kumbura, ta toshe hanyar ruwa, inji ya yi zafi har ya kama wuta.

Mutum ɗaya ke kwana da irin wannan haɗi a gaɓar, Labbo mai takarkarai, wanda jirgin ya ƙwace wa dako.

"Ni? Rabona da tafkin nan tun damina," in ji Labbo.

"To, shanunka su kaɗai suka zo suka bar kashi ɗanye a can?"

Labbo ya sunkuyar da kai. "Tsoron gardi ne, ranka ya daɗe. Na zo. Amma ban taɓa jirgi ba. Direba ne ya roƙe ni tafi biyu na haɗin, wai ragon layyarsa ba ya cin abinci."

Sufeto ya tambayi Barira mai fura, maƙwabciyar Inuwa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Rago? Ko kaza ba ya da ita! Shi dai rigarsa da takalminsa. Jiya ma kafin su tashi ni ya ba ajiyarsu."

"Kullum yake ba ki?"

"Ina! Mutumin da ke shiga jirgi da su don 'yan mata su gani? Jiya ne farau."

Nan Ɗantsoho ya ji zuciyarsa ta yi fari. Ya tara kowa a gindin gawon, har da Alhaji Maharazu.

"Malam Inuwa, rigar nan ka yi iyo da ita?"

"E mana. Ta bushe ne."

"Tafki mai laka, ko ɗigo babu? Wanda ya tuɓe tun a tudu ya san zai yi iyo."

"Sharri ne, Mushe! Ni ban san wata dusa..."

"Wa ya yi maka zancen dusa?"

Kafin ya haɗa amsa, jar akuyar nan ta ratso taron, ta miƙe da ƙafa biyu, ta cusa baki cikin aljihun farar rigar. Inuwa ya ture ta, ta fito da aljihun waje, garin dusa da kanwa ya zubo a kan sabon takalmi. Wuri ya kaure da salati.

Inuwa ya zube gaban Sufeto. "Ban yi nufin wuta ba, wallahi. So nake jirgin ya tsaya kusa da gaɓa, Alhaji ya gane maganata ce daidai. A gaban mutane aka ƙi shawarata, aka ɗauki ta wanda bai taɓa ganin kogi ba."

"Ka kusa kashe mutum don a ce ka iya," in ji Sufeto. "Gardi, kwance wancan, ɗaure wannan."

Igiyar da ta bar hannun Habu ko sanyi ba ta yi ba ta koma na Inuwa. Habu ya fashe da kuka, Barira ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya matso, kunya ta rufe shi, ya riƙe hannun makaniken.

"Ka yafe ni, Habu. In na kawo wani injin, yaya za mu sanyaya shi?"

Habu ya share ido. "Tanki rufaffe, Alhaji. Amma wannan karon da kwaɗo a murfin."

Ɗantsoho ya hau doki yana murmushi, ya ce wa Labbo a ba akuyar nan tafi guda na dusa, ta yi aikin gwamnati.