Rijiyar Damina

Babu Garzali. Babu mai dawowa da yamma da jar laka har gira, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in miƙo masa ruwa kada ya ɓata mini tabarma. Tun da aka fita da shi ban ƙara jin wani ya ce mini Hure ba.

Ni ce Huraira, 'yar Tarauni. Karatuna na allo ne, sai ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa. Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana da rai. Yau ne na rubuta shi.

Mahaƙin rijiya ne, sana'ar da ya gada. Ya zo yasar rijiyar gidanmu ne muka haɗu. Na kai masa fura, ya leƙo daga cikin rami ya ce:

"Ke ce mai jefa ludayi a rijiya? Na tsamo uku."

"Ka tsamo na huɗun tukuna in biya ka," na ce.

Ya yi dariya har Maje, abokin aikinsa mai jan igiya, ya ce ya riƙe da kyau kada ya faɗa. Kafin kaka ta zagayo an kai ni Gyaɗi-Gyaɗi. Lokacin 'yan gidaje ne da gonakin dawa a gefen hanyar Zariya. Mu uku ne a gidan: ni da shi da mahaifiyarsa, Iya Tabawa. Daga baya Allah ya ba mu Kubura.

Garzali ɗan farin Iya ne, kuma shi kaɗai ne namiji. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana tsaye a gabanta za ta ce mini, "Ki gaya wa mijinki gero ya ƙare." Amma ni na san wa ke tsame tsokar da ta fi kyau ta tura cikin kwanonsa in na juya baya.

Ina son mijina, na ƙi sana'arsa. Kullum ya sauka rami sai in ji kamar an binne shi, kullum ya fito sai in ji an mayar mini da shi aro.

Da farkon rani wani abokinsa, Matiyas, magini ne mai zuba siminti, ya zo suka zauna a zaure. Ina bayan ƙyaure ina tankaɗe, ina jin komai. Matiyas mutumin Badagari ne, can bakin teku, amma ya daɗe a Sabon Gari, Hausarsa ta nuna.

"Garzali, zan koma gida. Na samu kwangilar rijiyoyin siminti, ina son helma, shugaban ma'aikata, wanda ya san ƙasa. Kai a sama za ka tsaya, ka nuna wa lebura."

"A sama? To wa zai gaisa da kwaɗi?"

"Bar wasa. Garinmu ka tona tsayinka biyu ka tarar da ruwa. Ba gudu, ba hayaniyar Ikko. Kwakwa ce da yashi da iska. Akwai zangon Hausawa da masallacinsu, akwai makaranta, akwai asibiti. Yara na wasa a bakin ruwa har magariba. Wanda ba ya aiki a can shi ya ƙi."

"Yaushe?"

"Bayan Babbar Sallah zan shiga jirgin ƙasa. In kana tasha, mu tafi. In ba ka, dole in nemi wani."

Da ya shigo ya same ni rariya a hannu, gari duk ya zube.

"Hure, kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"To me ya sa kike murmushi kamar an ba ki tikiti?"

Na ce masa mu tafi da Iya. Ya ce da ma haka ya yi niyya.

Washegari ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Tana kaɗi, ta juya masa baya. Ya faɗi komai, mazari bai daina juyawa ba. Da ya gama sai ta dube ni.

"Ki gaya masa ni ba kifi ba ce. Inda aka binne ubansa nan za a binne ni."

"To Iya, mu sai mu je, ya riƙa aiko miki, duk Sallah mu zo," na ce.

"Bari azumi ya wuce."

Azumi ya wuce. Ta ce a bari a sha Ƙaramar Sallah. Aka sha. Ta ce ƙafarta na ciwo, ba ta da kan magana. Garzali bai taɓa zuwa ko Wudil ba sai da yardarta, balle bakin teku. Ya yi ta jira, rani na ƙarewa. Ni kuwa na zama abar tsangwama. In na ajiye mata tuwo sai ta ce, "Na 'yan teku ne ko namu na ƙauye?" Na haɗiye.

Sai da ruwa ya sauka sosai, dawa ta kai gwiwa, sannan ta kira ni, shi yana gefe yana gyaran igiya.

"Ki gaya wa mijinki na yarda. Amma ni matar mahaƙi ce, uwar mahaƙi, kullum ina roƙon ruwa a maƙwabta. Ya haƙa mini rijiya a tsakar gidan nan. Ranar da na sha ruwanta ya tafi da albarkata."

Hannun Garzali ya tsaya a kan igiyar. Duk wanda ya zauna gidan mahaƙa ya san ba a fara rijiya da damina. Ƙasa ta sha ruwa, ta yi nauyi, ba ta riƙe kanta. Iya ta fi kowa sani. Lissafinta shi ne dole ya jira rani, kafin nan Matiyas ya tafi, maganar ta mutu, ita kuma ba ta ce a'a ba.

Shi ma ya gane. Ya miƙe ya ce, "Ki ce mata na gode. Gobe zan fara."

Na bi shi ɗaki.

"Maigida, ka rufa mini asiri. Na fasa. Ba na son tekun."

"Ƙarya kike, har a barci kina zancen kwakwa."

"Mu jira baɗi."

"Baɗi wani ne helma. Hure, na gaji da rami. Kwanan baya ina ƙasa iska ta ɗauke mini, ban gaya miki ba. Wannan ce ta ƙarshe. In na fito daga ita ba zan ƙara shiga wata ba, kuma ba zan tafi da fushin uwata ba. Zan tokare ta da itace."

Maje da farko ƙi ya yi.

"Ubanka in ya ga hadari ko yasa ba ya yi. Kai wa ka fi?"

"In ba ka ja mini ba, zan nemo wanda bai iya ba."

Maje ya tofar da yawu ya ɗauki igiya.

Aka fara. Dagi na sauka, kwando na hawa, tulin laka na girma kusa da rumbu. In an yi ruwa su rufe bakin da zana da karare, in an ɗauke su koma. Duk safiya nakan ga Iya ta je bakin ramin kafin kowa ya fito, ta leƙa, ta daɗe, ta koma.

Ranar da ramin ya shanye tsayinsa har muryarsa ta fara amsa kuwwa, na je na durƙusa mata, Kubura a bayana.

"Iya, ki dubi Allah ki dubi yarinyar nan. Ki tsayar da shi."

"Zai gaji ya bari."

"Ba zai bari ba. Jininki ne. Ki kira shi ki ce ba ki son ya tafi, wallahi zai zauna. Ko ki ce kin sake shi, ba sai da rijiya ba. Ɗaya kawai, Iya."

"Ni in tsaya a gabansa in ce ba na iya rabuwa da shi? A gidanku haka ake yi?"

"A gidanmu ba a tura ɗa rami da damina."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta dube ni.

"Ke kika hure masa kunne. Da ba ki shigo gidan nan ba, da bai san akwai wani gari ba. Tashi ki ba ni wuri."

Washegari yana ɗaura igiya a ƙugu na ga ta fito ta nufo shi. Ta zo daf da shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya sunkuyar da kai yana jira. Ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta juyo gare ni.

"Ki gaya masa kokonsa na hucewa."

Ta koma ɗaki.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah aka kwana ana ruwa. Gari ya waye tas, rana ta fito. Maje ya taɓa gefen ramin ya girgiza kai, ya ce a bar shi ya sha iska. Garzali ya ce lokaci ya ƙure, abin da ya rage kaɗan ne. Ya sumbaci kan Kubura ya sauka.

Da hantsi na ji muryarsa daga ƙasa, cike da murna.

"Hure, yashi ya fara jiƙa. Ruwa ya zo. Je ki fara ɗaure tukwanenki."

Na juya zan amsa masa da wasa. Sai na ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhun hatsi. Igiya ta fizge Maje ya faɗi a gwiwa. Gefen ramin na wajen rumbu ya zauna gaba ɗaya.

Iya ce ta riga ni isa. Ba ɗankwali, ba takalmi. Ta faɗa kan lakar tana tono da yatsu.

"Garzali! Garzali, fito, na sake ka. Garzali!"

Ranar na fara jin sunansa a bakinta. Shi bai taɓa ji ba.

Mazan Gyaɗi-Gyaɗi suka taru, na Tarauni suka zo a guje da fatanya da kwanduna. Sai wajen la'asar suka kai gare shi. Maje ya ce sun same shi a durƙushe, dagi a hannunsa, ruwa ya taru har ƙirjinsa, fari tas. Ba wanda ya sha. Bayan an dawo daga maƙabarta aka cike ramin.

Matiyas ya zo gaisuwa, ya zauna a zaure yana kuka kamar ɗan'uwa. Bayan Sallah jirginsa ya tashi.

A gidan na yi takaba. Iya ta kwanta, ta daina kaɗi, ta daina cin abinci sai an ba ta a baki. Babana ya ce in dawo Tarauni in ƙarasa, na ce a'a. Ni na yi mata wanka, ni na dama mata kunu, ni na kwashe mata bayan gida. Ba don zuciyata ta yi sanyi ba. Sau da yawa ina riƙe da ludayi a bakinta, idona na kan inda aka cike ramin. Amma uwar Garzali ce, kuma don kada ta yi fushi ya shiga ƙasa. Ba zan bar ta ta lalace a hannuna ba.

Da na fita takaba, dangin mijina suka zo. Kubura ta isa yaye, suka ce bisa al'ada a bar wa kakarta ita, ta ɗebe mata kewa, ni in koma gidanmu. Na rungume 'yata. Ita kaɗai ta rage mini.

Iya ta ce a tayar da ita zaune. Ta kore su waje, ta bar ni.

"Huraira."

"Na'am, Iya."

"Ni ban ce ya shiga ba. Cewa na yi kada ya tafi."

"Wannan ma ba ki ce ba, Iya."

Hawaye suka bi kuncinta.

"Ban ce ba," ta ce. "Goya 'yarki ku tafi. Duk wanda ya tare ki, ki ce ni na faɗa. Da bakina na faɗa."

Haka na fito da Kubura. Wannan ne ladan haƙurina, kuma na gode wa Allah, don na san mata da yawa da suka fita hannu wofi. Yanzu muna Tarauni. Ran Juma'a nakan goya ta mu kai wa Iya abinci. Mutane na yaba mini, suna cewa na yafe. Ina ƙoƙari, iyakar abin da zan ce ke nan. Badagari kuwa ban gan ta ba, kuma ba na jin zan gani. An ce wani mutumin Gwarzo ne helma, har ya kai iyalinsa.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne iyaye. In za ku hana, ku hana a fili. In za ku bari, ku bari da zuciya ɗaya. Kada ku ɓoye so a cikin sharaɗi, don ɗa mai biyayya zai ɗauki sharaɗin da gaske. Ku kuma 'ya'ya, biyayya wajibi ce, amma Allah bai ce ku sayi albarka da ranku ba. Kunya ado ce, na yarda. A gidanmu ta ci mutum.

Wanda ya karanta, ina roƙonsa ya ɗaga hannu tare da ni. Allah ya jiƙan Garzali, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi biyayyarsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Allah ya yafe wa Iya Tabawa, ya cire mini abin da ya rage a zuciyata game da ita. Allah ya raya Kubura, ya sa in iya faɗa mata ina son ta tun tana ji. Ku ce amin.