Na Ba Ki, Har da Gyara

Ku rage fitilar nan, ku matso. Ba zan ɗaga murya ba, don mai labarin yana nan cikin gidan.

Baffa Haladu nake nufi, autan su babanmu. Ku kun taso kun gan shi shiru-shiru, sai gaisuwa sai masallaci. Da ba haka yake ba. Da can idan ya buɗe baki, sai an haɗa shi da Allah yake rufewa.

Yana saurayi ya tafi kudu, ya sami aikin gadi a wani gidan hutu a bakin teku, can gaba da Badagiri. Aikin ba wuya. Abin da ya hana shi sakat kewar gida ce, musamman kewar mahaifiyarsa, kakarmu Inna Tabawa. Ga shi gadi ba ya barin mutum ya motsa. Abinci ba ya shiga. Idan ya ji ƙamshin daddawa a wani lungu, sai ya tsaya kamar an dasa shi. Ƙato da shi, amma sai ya kifa kai a sallaya ya yi ta hawaye.

Abu ɗaya ke sanyaya masa rai. Bayan la'asar, kafin ya kama aiki, sai ya bi gaɓar ruwa shi kaɗai yana kallon halittun Allah. Ga fararen ƙaguwa suna gudu a karkace, su faɗa rami. Ga wasu 'yan tsuntsaye masu siraran ƙafafu, su bi ruwa idan ya ja baya, su arce idan ya dawo. Wata rana ya ga manyan kifaye suna tsalle suna huci kamar jakai. Wata rana kuma kififiyar teku, ta fi kwandon awo faɗi. Sai ya tafa hannu yana dariya shi ɗaya, yana cewa, "Tabarakallah! Allah mai iko!" Duk abin da ya gani sai ya adana, ya juye wa Inna a waya. Ita kuma ta ce, "Kai dai Haladu, ka iya shara ta."

Ran da abin zai faru, ya yi nisa fiye da kullum. Ya wuce bukkokin masunta. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa ruwa. Sai ya lura ba ƙaguwa ko ɗaya. Tsuntsayen ma sun watse. Bai kawo komai a ransa ba.

Can ya hango wata tsohuwa tsaye inda ruwa ke lasar yashi. Zanen saƙi ne a jikinta, irin na tsofaffin garinmu.

"Salamu alaikum, Iya."

Ba ta amsa sallamar ba. Ta ce, "Sannu dai, maigidana. Sai yanzu ake tunawa da ni?"

Hausarmu ce tsantsa, har da yadda muke jan harshe. Kun san wasan kaka da jika, tsohuwa ta kira yaro mijinta, shi kuma ya kira ta amarya. Rabonsa da wannan wasa tun barinsa gida. Daɗi ya rufe shi, har bai kula ba cewa bakinta na riga muryar motsi.

Ya ce, "Amarya, ai ke ce kika yi yaji. Me ya kawo ki nan?"

"Nan nake. Me ka ajiye mini?"

"Duk abin da kike so."

Ta matso. Ƙamshin hayaƙin kara ya bugi hancinsa.

"Ka rame, maigida. Me ke cin ka?"

"Kewar gida ce, wallahi."

Da ya ce wallahi, sai ta ɗan kau da kai. Sannan ta dawo da ido kansa.

"Nauyi gare ta?"

"Kamar an ɗora mini turmi a ƙirji."

"Ni ko ban taɓa ɗanɗana ta ba. Ba ni da inda zan yi kewa. Ka ba ni taka mana."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Wa zai hana amaryarsa abu? Ya ce, "Na ba ki, har da gyara."

"Ka bayar?"

"Halak malak."

Ta miƙa hannu ta dafa ƙirjinsa. Hannun sanyi ƙalau. Daidai nan ruwa ya taso ya rufe musu ƙafafu, ya koma. Haladu ya sunkuyar da kai. Wandonsa ya jiƙe sharkaf, zanenta a bushe. Sawunsa ya nutse cikin yashi. Inda take tsaye kuwa sumul, ko alamar yatsa babu.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi tashi. Ya nemi gudu, ƙafa ta ƙi. Da ƙyar ya fizgo "A'uzu billahi." Amma ta riga ta juya. Ta nufi cikin teku tana tafe a hankali, tana kuka wiwi. Kuma da muryarsa take kukan. Yana tsaye yana jin kansa yana kiran "Inna! Inna!" daga cikin ruwa, har ruwan ya shanye ta.

Ya koma bakin aiki yana waiwaye. Sai dai ƙirjinsa wasai. Washegari ya ci abinci har da ƙari. Ya ce a ransa, ashe ma taimakona aka yi.

Sai da Inna ta kira shi ya gane. Muryarta ta shigo kunnensa kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Ya san ita ce, ya san ita ta haife shi, amma ko ɗar bai ji ba. Ta ce, "Yau me ka gano mana a ruwan?" Ya ce, "Ba komai."

Ya koma gaɓar da sassafe. Ya tarar da 'ya'yan kififiya sun fasa yashi suna rarrafawa zuwa ruwa, abin da ya daɗe yana roƙon Allah Ya nuna masa. Ya tsaya yana kallonsu kamar tsakuwa. Gyaran da ya yi mata ke nan, har daɗin kallon ta tafi da shi. Ya yi ta kiran tsohuwar har muryarsa ta dushe, ba wanda ya fito.

Ya bar aikin ya dawo gida, ko ganin gida zai tayar masa da wani abu. Inna ta fito da gudu ba mayafi, ta rungume shi. Shi kuwa yana tsaye kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin masu ruƙiya. Wani dattijon malami ya saurare shi tsaf, ya girgiza kai.

"Ba ta shige shi ba, balle a fitar da ita. Kyauta ya yi, da bakinsa. Sai dai addu'a."

Addu'ar kuwa bai fasa ba. Mutane na roƙon Allah Ya yaye musu baƙin ciki, shi yana roƙon a dawo masa da nasa.

Da ciwon ajali ya kama Inna, shi ya yi jinyarta. Ya ɗaga ta, ya kwantar, ya ba ta kunu a baki. Bai gaza mata da komai ba. Ana gobe za ta rasu ta riƙe hannunsa.

"Auta, ko na ƙarya ne, ka ce za ka yi kewata."

Ya ce, "Zan yi kewarki, Inna."

Ta daɗe tana kallon idonsa. Sannan ta saki hannun, ta juya ta fuskanci bango.

"Allah Ya yi maka albarka. Ka yi ƙoƙari."

To, kun ji. Duk wanda rabo ya kai shi bakin teku, ya kalli halittun Allah ya yi tasbihi, amma kada ya wuce bukkokin masunta shi kaɗai. In kuma kewa ta dame ku, ku riƙe abarku.