Idanun Injiniya

Ranar da Auta ta fara aiki a kamfanin haɗa na'urorin taimaka wa numfashi, ta tarar da Injiniya ya kusa manna hancinsa a allon kwamfuta. Shi ya rubuta ɓangaren manhajar da ke juya famfon na'urar da harshen kwamfuta na asambili, ita kuma aka ɗauke ta ta rubuta sauran da harshen C. Sai dai linka, wadda ke ɗinke ɓangarorin su zama manhaja guda, ta ƙi haɗa su, ga asibitin yara na jiran na'urorin.

"Karanta mini abin da ta ce," in ji shi, bai ko juyo ba.

"Wai ba ta ga umarnin kunna famfo ba."

"Yana nan, da hannuna na rubuta shi."

Suka sauya jerin fayilolin, nasa ya koma bayan nata. Linka ta sake ƙi. Sai da Auta ta fito da sunayen ɓangarorin biyu ta jera, ta ga ashe nata yana neman sunan da ɗan layi a gabansa, nasa kuwa babu layin. Ta ƙara shi, famfo ya tashi.

Injiniya bai yi murna ba. "Na bi ta kan wurin nan ya fi a ƙirga," ya ce. "Jijiyar idona ce ke mutuwa. Likita ya ce babu magani."

Daga ranar ita ke karanta masa allo, shi yana koya mata asambili da ka. Ya koma kiranta Idona, ita tana ce masa Malamina, har soyayya ta shiga tsakaninsu.

Manajan kamfanin, wanda shi ma yake sonta, ya sallami Injiniya da hujjar rashin lafiya, sannan ya je ya gaishe da babanta.

"Ba ƙin Injiniya nake ba," Baba ya ce wa Auta. "Ni na ja wa kakarki sanda har ta rasu. Na san abin da kike nema wa kanki."

Ana haka saƙon Injiniya ya shigo wayarta, haruffan duk a hargitse: "Na ji an ba manaja ke. Ki yarda. Kada ki zo."

Ta amsa da saƙon murya, don ta san karatu ya gagare shi: "Ba a ba kowa ni ba, Malamina. Kai ne ka yanke mini hukunci ba ka tambaye ni ba."

Bai amsa ba. Ta daina cin abin kirki, ta rame. Da Baba ya gaji da ganinta haka, ya tafi gidan Injiniya da kansa. Ya same shi ya ɗaure idanunsa da ƙyalle yana koyon hanyar ɗaki zuwa ƙofa, ƙaurinsa duk rauni.

"Me kake yi haka?"

"Shiri nake, Baba. Ba na son in zame wa kowa kaya."

Baba ya dawo gida. Washegari ya ce Injiniya ya turo magabatansa.

Kafin ɗaurin aure sauran ganin ya tafi. Injiniya bai ga amaryarsa cikin kwalliya ba. Ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta, ya ji danshin hawaye.

"Kuka kike, Idona?"

"Kwalli ne."

Baba ya dafa kansu. "Allah Ya ba ku haƙurin juna, Ya sa ku tsufa tare."